Kawu Isiyaku da jaridar Girkawa

Shekara tara ke nan da muka kai Kawu Isiyaku makwancinsa, amma a watan jiya na fi jin rashinsa, a kan wata jarida da ko harafi ɗaya nata ban iya karantawa ba.

Ni dillalin marmara ne a Makka. Farin dutsen nan da ba ya ɗaukar zafi, wanda masu gina masallatai ke so, daga ƙasar Girka nake sayo shi. Kawu, wan mahaifiyata, haifaffen unguwar Jarwal ne a nan Makka. Ya yi ƙuruciyarsa yana leburanci a jiragen ruwan Girkawa masu zuwa Jidda, a can ya tsinci yarensu. Da na buɗe shago sai ya zama bakina da kunnena wajen mutanen can.

A wancan zamani tsofaffin jaridu ake cusawa tsakanin duwatsun don kada su karce juna, kuma yawanci wata guda ce mai fitowa kullum. In an fasa akwati, Kawu zai tsince su, ya miƙar da su a kan gwiwa, ya zauna da shayinsa. Kafin su iso wurinmu labarin ya daɗe da wucewa. Na taɓa yi masa tsiya, na ce ina amfanin ɗumamen labari.

"Kai dai ɗan nan, ciniki kawai ka sani," in ji shi. "Sabuwar jarida baƙo ce, ba ka san halinta ba. Sai ta kwana biyu."

Abin da yake yi shi ne gwada abin da ta ce zai faru da abin da muka riga muka gani. Hukuncinsa a kanta bai taɓa canjawa ba. In maganar kuɗin dako ce ko yanayin teku, ka yarda da ita, don masu jiragen da ke cika ta da talla ba za su lamunci ƙarya a kan dukiyarsu ba. Amma in leburorin tashar jirgi suka shiga yajin aiki, kullum a wurinta gobe za a janye. Hoton minista a shafin farko, maganar lebura can ƙarshe kusa da sanarwar mutuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yakan ce ba ta cika shara ƙarya ba, ta dai san wanda take ba kujera da wanda take bari a tsaye.

Ba zan ɓoye ba, shi kansa Kawu ban saki jiki da shi duka ba. Mutum ne da igiyar jirgi ta cinye masa yatsa biyu, aka sallame shi hannu rabbana. In ya iso kan labarin yajin aiki har muryarsa canjawa take. Shi ke karantawa, shi ke fassarawa, babu mai duba shi. Rannan na faɗa masa haka ido da ido, ina jiran faɗa. Sai ya kurɓi shayi ya ce, "To, ka fara hankali."

A watan jiya kwamitin wani masallaci a unguwar Shisha suka nemi in ba su magana cewa marmara zai sauka kafin azumi, in ba haka ba su nemi wani. Ga shi ana yajin aiki a tashar jirgin ruwa ta can Girka. Bagirken da nake saye wurinsa ya turo mini shafin jaridar nan tamu, waya ta juya mini shi Larabci nan take: an kusa sasantawa.

Me Kawu zai ce da wannan zamani? Labari yana zuwa ɗanye, fassara kyauta, amma wayar ba ta gaya maka wa ke ciyar da marubucin. Ban san ko jaridar ta canja hannu ba. Wanda ya turo mini kuma, so yake in saya. Sai na koma shafukanta na makonnin baya. Tun can take cewa an kusa.

Na je na sami shugaban kwamitin na ce, "Alhaji, ba zan iya ba ka magana ba."

"Haba Malam Sabo, ba an ce jaridarsu ta ce an gama ba?"

"Ita ta ce, Alhaji. Ni ban ce ba."

Suka ba wani aikin. Babban aiki ne, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Wataƙila wannan karon gaskiya ta faɗa, wataƙila tsohon fushin Kawu ne ya ja mini asara daga kabari. Yaren ya tafi da shi, ba wanda ya gada a gidanmu. Abin da ya rage mini shi ne ba na ara wa kowa bakina, ko da jarida ce, ko da shi Kawun ne. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.