Ranar da Kaka Ta Yi Tatsuniya da Rana

Shekaranjiya 'yata ta kama ni ina ƙulla tsinken tsintsiya kafin in ɗora sabon labari a shafina. Ta tsaya tana kallona kamar wadda ta fara taɓuwa. Sana'ata ke nan yanzu, shirya wa yara labarai da 'yan waƙoƙi da wasanni a intanet, irin waɗanda yaro zai latsa waya ya zaɓi hanyar da labari zai bi. Mutane suna zaton a makaranta na koya. Bari in gaya maka gaskiya, a gindin rumbu na koya, a Bungudu, wajen tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba.

Lokacin jiharmu sabuwa ce fil, ma'aikata na ta zuwa daga ko'ina. A gidan da ke jikin namu aka sauki wani malamin gona, Kirista daga kudu, da matarsa da 'yarsu tsarata. Kafin wata ya zagayo mun shaƙu, tare muke zuwa firamare, tare muke shan duka in mun makara. Abu ɗaya ya raba mu. Uwarta mace ce mai tsari, da rana ta yi ja take rufe ƙofa, kuma ko waye ba ta buɗewa. Ita kuwa Kaka, uwar babana, sai an idar da sallar isha'i take fara tatsuniya.

Tatsuniyar Kaka ba irin ta kowa ba ce. Tana cikin tafiya sai ta tsaya cak, ta nuna ɗayanmu da yatsa ta ce hanya ta rabu biyu, dama ko hagu? Duk abin da ka zaɓa nan za ta bi, ta ɗinke shi tsaf har ka rantse tun asali haka labarin yake. A daminar waccan shekara, wata akuya ce mai taurin kai ta sa wa ranta sai ta ga abin da ke bayan duwatsun Kwatarkwashi. Makonni muka kwashe muna kora ta, ga ƙamshin gasasshiyar masara, ga kwaɗi na ta kuka a bayan gida.

Kullum a hanyar makaranta nake kai wa ƙawata rahoto. Ni kuwa ba ni da haƙuri, sai in fara daga ƙarshe in manta tsakiya. Takan ce da ita ce, hagu za ta zaɓa. Ni kuma in ce, "To ai ba kya nan." Har yau in na tuna wannan magana kunya nake ji.

Na sha roƙon Kaka ta yi mana da rana ko sau ɗaya. Sai ta daka min tsawa: "Ke ɗiyag ga, so kike in ɓace? Wanda yay yi tatsuniya da rana, cikin kasuwa shika ɓacewa!" Ba wasa take ba. Yanar ido ta fara rage mata gani, kuma duk ranar kasuwa sai ta kai daddawarta da ƙafarta. Tsoron ɓata a wurinta tsoro ne na gaske.

Kwatsam aka yi wa malamin gona canjin wurin aiki, can nesa. Ranar tafiya da hantsi, motar kaya na tsaye a ƙofar gida, ƙawata ta shigo sallama ita da uwarta. Ta durƙusa gaban Kaka, ta kasa cewa sai wata rana. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Kaka, akuyar nan ta isa kuwa?"

Kaka ta ɗaga kai ta dubi rana. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta zaro ciyawa guda daga jinkar rumbu, ta ƙulle ta.

"An ce in dole ta kama, ƙullin ga shina tsare mutum," in ji ta. "Ni dai ban taɓa gwadawa ba. Zamna, ɗiyata."

Ta fara, rana tsaka, kaji na ta kai-kawo. Da akuya ta iso inda hanya ta rabu, Kaka ta tsallake mu duka ta nuna ƙawata.

"Hagu," ta ce, da ƙyar muka ji ta.

Akuya ta bi hagu, ta haye dutse, ta leƙa. Sai ga gari irin nata sak, da rumbuna, da yara masu wasa, har da wata tsohuwa mai faɗa. Suka ba ta dusa suka ce tun jiya suke jiranta. Mu yara muka ji haushi, mun so a ce dodo ta tarar. Sai da na girma na gane ba mu Kaka take yi wa labarin ba. Uwar ƙawata, wadda ta shigo da hanzari, ta manta da direban da ke ta danna hon, tana share ido da bakin zane.

Kaka ta danƙa wa ƙawata ciyawar ta ce, "Kak ki kwance ta sai kin kai."

Ranar kasuwa da ta biyo baya, Kaka ta sa na riƙe gefen zanenta tun safe har la'asar, in na saki ko don in sosa kai sai ranƙwashi. Ba ta ɓace ba. Amma ba ta sake yin tatsuniya da rana ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Yau yara suna buɗe labaraina da safe, da azahar, duk lokacin da suka ga dama, kuma ba wanda ya ɓace. Wani lokaci raina yakan sosu, don waya ba ta san fuskar yaron da ke bukatar a nuna shi da yatsa ba. Sai in tuna ƙofar nan da ake rufewa kafin magariba, in ƙulla tsinkena in ɗora.

Ƙawata kam ban sake jin ɗuriyarta ba. Akuyar tana nan a shafina. Hanyar dama na sauya ta ba adadi, amma ta hagu ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Tana nan yadda Kaka ta bar ta, ko Allah zai sa mai ita ta latsa wata rana ta gane gida.