Aku Biyu a Tutar Ma Octave

A ƙauyen Fon Siwo, can gabashin tsibirin Dominika, in ka tambayi Ismenie Laville sai an tsaya soshe-soshen ƙeya. Amma ka ce Ma Octave mai tuta, ko akuya za ta raka ka har ƙofar gidan. Sunan mijinta ta ci, kamar kowace matar aure a wajenmu. Shi kuwa Octave ya daɗe a ƙasa, ya bar mata sunan da keken ɗinki mai feda da wata gonar gwaza da ba ta taɓa ƙaunar nomanta ba.

'Yar siririya ce, guntuwa, ga baki. Ta ɗinka wa rabin ƙauyen rigar makaranta, ta ɗinka wa ɗaya rabin rigar aure, amma duk wannan neman abinci ne. Aikin da take ɗaga kai da shi shi ne tutar makarantar firamare. Tun shekarar da aka sami 'yancin kai, 1978, ba a taɓa ɗaga wata tuta a filin nan ba sai tata. Iskar teku kan cinye tuta a shekara uku, sai ta ɗinka wata.

Tana da tsarinta, kuma ba a yi mata shisshigi. Koren yadi take fara shimfiɗawa, ta ce daji ke nan. Sai layuka uku da suka gicciye shi, rawaya da baƙi da fari, ta ce ga rana, ga ƙasa, ga koguna. Fadan cocinmu ya taɓa tsayawa zai yi mata dogon bayani a kan ma'anar ukun, ta ce ya ajiye na ranar Lahadi ne. Daga nan jan faifai a tsakiya da taurari goma, kowace gunduma ɗaya, tana ɗinkawa tana kiran sunayensu. Na gundumarmu kullum ɗinki biyu yake samu, ko da yake in an ɗaga tutar ita kanta ba ta iya nuna maka shi. A ƙarshe sai sisaru, akun dutsen nan namu mai koren fiffike da ƙirji shunayya. Takan ce a ƙirga tutocin duniya masu shunayya a ga ko za su cika yatsun hannu ɗaya.

Abin da wanda bai taɓa ɗinka tuta ba bai sani ba shi ne, aku biyu ne, ɗaya a kowace fuska, kuma dole dukansu su dubi sandar da ake ɗaga tutar a kai. Tana da kwalin da take zana akun da shi, a cikin gwangwanin biskit. In ta yanka na farko, sai ta kifa kwalin ta yanka na biyu. Wanda ya manta bai kifa ba, akunsa na baya zai juya wa sanda ƙeya ya dubi teku.

Da can ma ba haka akun yake ba, a 1988 ne gwamnati ta juya masa fuska. Ma Octave ta kwana uku tana farke ɗinki tana mita, wai mutanen Roseau, babban birni, ba su da aikin yi. Octave ne ya kwantar da ita. Ya ce ai gara haka, tsuntsun da ya dubi sanda gida yake kallo, wanda ya dubi teku kuwa ya bi sahun yaranmu da suka tafi Ingila ba su dawo ba. Tun daga ranar ta zama 'yar sandan tutoci. Wani tela na ƙauyen gaba ya taɓa kawo tasa wajen wasan kurket, ta zagaya bayanta ta leƙa, sannan ta tambaye shi a gaban jama'a ko akunsa ya riga ya karɓi fasfo. Mutumin bai ƙara ɗinka tuta ba.

Mutum ɗaya ce ba ta shakkar bakin nan nata: Bertille, wato Ma Sonson, mai soya fanke da kifi a ƙofar makaranta. Ƙatuwar mace ce, in ta yi dariya har tiren fanken rawa yake. Ita ta riƙe 'yar Ma Octave ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna makume, kuma shekara arba'in ba su taɓa yini ba su yi faɗa ba. Da suka cika sittin suka hau mota zuwa Roseau, suka sayo yadi shunayya mai sheƙi daga bandir ɗaya, Ma Octave ta ɗinka musu rigunan da za a binne su da su. Mace mai mutunci a nan ba ta barin wannan a hannun 'ya'ya, don sai su sa mata abin da suka ga dama. Kowacce ta naɗe tata da kafur a leda ta ajiye a ƙasan durom. Suka yi alkawari duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta shirya ta, sannan suka shiga musun wa za ta riga wa.

Sai ga mahaukaciyar guguwar nan ta watan Satumba. Ba sai na faɗa ba, kowa ya san abin da ta yi. Rufin kwano ya tafi, daji ya zama tsirara, ƙasa ta zabtare ta toshe hanyar Roseau. Masu shiga dutse suka ce ko kukan sisaru ɗaya ba su ji ba. Kullum sai ka ji wani gida sun kulle sun bi jirgin ruwa zuwa Antigua ko Guadeloupe. 'Yar Ma Octave da ke ƙasar waje ma ta aiko a ce wa uwarta ta haɗa kaya, ita kuwa ta ce a ce mata ta ji.

Cikin Oktoba shugaban makaranta, Ticha Alwin, ya zo ya same ta tana shanya zare a rana. Makarantar na ƙarƙashin tamfol, kabad ɗin da tuta take ciki kuwa ba wanda ya san inda ya sauka. Ya ce ranar uku ga Nuwamba, ranar bikin 'yancin kai, ba fareti, ba girki, ba komai, amma yana son yaran da suka rage su ga an ɗaga tuta, don su san ƙasar tana nan. Ma Octave ba ta bari ya gama ba ta ce ya je ya tsayar da sanda.

Haɗa yadin ya zama kamar bara. Kore ya fito daga labulen ɗakin taron coci, ja daga mayafin teburin wata maƙwabciya, fari daga zanen gado, rawaya daga wata rigar ruwa. Baƙin kuwa wandon cocin Octave ne, ta ce ai ya huta ya isa. Shunayya ce ta gagara. Ta bi gida-gida, ko ƙyallen share majina babu. Ticha Alwin ya kawo wata shuɗiyar rigarsa yana cewa da babu gara ba daɗi. Ta ɗaga ta da yatsu biyu ta ce in tantabara yake so a tutar ya faɗa mata tun da wuri.

Saura kwana uku ta buɗe durom. Rigar tana nan yadda ta ajiye ta, ruwa bai taɓa ta ba. Ta kifa ta a tebur, ta ɗora kwali a gadon bayan, ta zana da alli. Almakashi ya shiga ke nan Ma Sonson ta sako kai da kwanon dafaffiyar ayaba.

"Makume, kin haukace ne? Rigar mutuwarki ce fa."

"Na sani, ni na ɗinka ta."

"To da me za ki je gaban Ubangiji? Da baya a waje?"

"A rigingine za a kwantar da ni. Wa zai juya gawa ya duba bayanta? Sai ke, don gulma."

Ma Sonson ta ajiye kwano ta ja kujera, faɗa ya kankama. Ta tono tun daga kuɗin motar Roseau har zuwa maɓallan da Ma Octave ta sa wa tata rigar bakwai ta sa wa ta Ma Sonson shida. Ma Octave na yanka tana ramawa, don ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta fitar da aku na farko, ta fitar da na biyu, ta jera su a kan jan faifai. Nan ta ga ɓarnar da ta yi.

Ba ta kifa kwalin ba. Aku biyu, duka gefe ɗaya suke kallo. Yadin kuwa fuska ɗaya gare shi, bayansa fari-fari ne kamar an wanke shi da toka, ba halin a juya. Gadon bayan rigar ya ƙare, don dama bayan Ma Octave ɗin nawa yake. Ƙasan rigar kuma tsaga-tsaga ne sirara, ko kan aku ba zai fita ba. Abin da ya rage mai faɗi shi ne gaba, inda kowa zai gani ranar da aka buɗe akwati.

Da Ma Sonson ta gane abin da ya faru, dariya ta kama ta har da hawaye. Ta ce laifi tudu ne, yau ga 'yar sanda a hannun hukuma, ina ma telan ƙauyen gaba yana kusa a aika masa. Ticha Alwin da ya biyo duba aiki ya ce a ɗinka haka nan, yara ba za su lura ba, iska ma ba za ta bari a gani ba. Ma Octave ba ta ko dube shi ba.

"A shekarar da kowa ke hawa jirgi," in ji ta, "ba zan ɗaga wa yaran nan tsuntsu mai kallon teku ba."

Ma Sonson ta daina dariya, ta ɗauki kwanonta ta fita ba sallama. Ranar Ma Octave ba ta ci abinci ba. Abin ya ci ta ƙwarai, kuma ba kunyar kuskuren kaɗai ba. Shekara goma tana hango kanta kwance cikin rigar nan tsaf, mutane suna wucewa suna cewa ko a mutuwa Ma Octave ba ta yarda da karkataccen ɗinki ba. Yanzu sai dai a rufa mata tawul a ƙirji. Ta yi ta juya maganar, amma ko sau ɗaya ba ta kawo shuɗiyar rigar Ticha a ranta ba.

Da gari ya waye ta shimfiɗa rigar gaba a sama, ta ɗora kwali. Ta ɗauki almakashi. Sai ji ta yi an jefo leda a kan teburin, warin kafur ya cika ɗakin.

"Ɗauke wannan tsumman naki," in ji Ma Sonson. "Bayana zai fitar da aku shida har da ƙwai."

Ma Octave ta buɗe ledar, sai ga rigar mutuwar Ma Sonson. Can ta ce za ta toshe mata ramin da wani yadi, ba wanda zai sani.

"Kada ki soma. Ki bar min tagata, kin san ba na son zafi. Ke dai kifa kwalin, makume. Kifa shi ina kallo."

Ta kifa. Ma Sonson ta tsaya a kanta har aka gama yanka, tana ba da umarni kamar ita ta koya mata ɗinki.

Ranar uku ga Nuwamba yara talatin da 'yan kai suka yi layi a filin da ba ciyawa, Ticha Alwin ya ja igiya. Tutar ta hau da ƙyar, don labulen coci ba shi da sauƙin tashi, ta yi lamo a jikin sanda har mutane suka fara kallon juna. Sai iska ta taso daga teku ta buɗe ta. Koren ya fi na dajin da ke bayanta kore. Tsofaffin nan biyu suka bar layi suka zagaya sandar, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kowacce na duba nata akun, kowacce na cewa nata ya fi kyau. Da yamma Ma Octave ta aika wa 'yarta cewa ba ta zuwa ko'ina, a turo mata zare da allura.

Tutar nan ta yi shekara biyu tana tashi, kuma a cikin ta biyun ne Ma Sonson ta ci musun da suka daɗe suna yi, ta riga. Ma Octave ta cika alkawari. Ta kori kowa daga ɗakin, ta wanke ta, ta sa mata rigar, ta ɓalla maɓallai shida. Da ta zo gyara mata kwanciya, hannunta ya shiga ta ramin nan mai siffar aku ya sauka a bayan ƙawarta, sai ta bar shi a wurin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar guguwa. Ba ta toshe tagar ba. Da aka fito da akwatin daga coci, makaranta ta sauke tuta rabin sanda, kuma fuskar da ke kallon ƙofar cocin ta Ma Sonson ce.

Ma Octave tana nan, ta haura saba'in da yawa, ido ya rage amma bakin bai rage ba. Yanzu shunayya har a shagon ƙauye ana samu. In ta yanka aku na farko takan ajiye almakashi, ta dubi kujerar da ke gefen tebur, ta ce da ƙarfi, "Na ji, makume, na ji." Sannan ta kifa kwalin.