Maganar da Tafinta Ya Haɗiye

Shekara ashirin da shida ya yi yana tafinta a ofishin sulhun iyali da ke saman wani kantin magani. Harsuna huɗu yake ji, shi ya sa ma'aikata suke kiransa Baba Baki Huɗu. Aikinsa shi ne ya zauna a ƙarshen tebur, tsakanin miji da matar da aurensu ya ƙi, galibi waɗanda ba ƙasa ɗaya suka fito ba, ya juya maganar wannan zuwa harshen wancan. Yakan tsokani sababbin ma'aikata da cewa mata sun fi ɗari uku da aka saka ta bakinsa, amma tasa tana gida lafiya lau.

Wata Talata aka kawo wani makanikin jirgin ruwa da matarsa, wata nas. Ci-rani ya haɗa su a nan, suka yi aure da ɗan guntun harshen garin da suka tsinta, babu mai jin na ɗan'uwansa. 'Yarsu ɗaya, shekararta biyar. Matar tana son komawa ƙasarsu da ita, shi kuma ya ɓoye fasfon yarinyar a akwatin sufanunsa. Mutum ne mai zafin kai, ga buga tebur. Har ya taɓa ce wa Baba, "Kai tsoho, faɗa mata yadda na faɗa, kada ka zuba mata sukari." Baba ya ƙullace shi.

A zama na huɗu aka daidaita. Yarinya za ta bi uwarta, duk dogon hutun makaranta ta zo wurin ubanta. Mai sulhu ta turo takarda. Nas ɗin ta ɗauki biro, ta sunkuyar da kai, ta ce da harshensu, "Da zai ce in zauna, da na zauna."

Makanikin ya juyo. "Me ta ce?"

Baba ya dubi ƙaton hannun nan da ya saba dukan tebur. Ya amsa masa da harshensa, "Tambaya take inda za ta sa hannu."

Mutumin ya miƙa yatsa ya dangwala layin. Ta daɗe tana kallon yatsan, a zatonta amsarsa ke nan. Ta sa hannu.

Baba ya yi ta gaya wa kansa cewa ceton ta ya yi. Amma abinci ya daina yi masa daɗi. Da ya gaya wa matarsa, sai ta ajiye kayan da take ninkewa ta ce, "Malam, kai ta tambaya, ko mijinta?"

Sai da ya yi ritaya, bayan shekara uku, ya iya zuwa garejin mutumin da ke bakin tashar jiragen ruwa. Ya tarar da makanikin ya kwance wani inji, ya tsaya a kansa ya faɗi komai.

Mutumin ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Ta yi aure bara," in ji shi. "Wataƙila ko ka faɗa, girman kai ya hana ni. Amma da laifin nawa ne, Baba. Yanzu ban san na wane ne ba."

"Ka yafe mini."

Bai ce ya yafe ba. Ya dai ce yarinyar tana kira duk Lahadi, kuma harshensa ya fara kuɓuce mata, rabin hirar "me kika ce?" ne.

Tun daga lokacin, duk Lahadi da la'asar Baba yakan hau bas biyu ya je. Ana jingina waya da gwangwanin man inji, ya zauna a benci yana fassara labarin haƙorin da ya fita, da malamar lissafi mai faɗa. Ko "uhm" yarinyar ta ce, sai ya maimaita. Makanikin yakan zuba masa shayi, amma har yau bai ba shi hannu ba.