Ranar da Goggo Ta Riƙe Mini Idanu

Tun ina firamare a Gaya ba na gani sosai. An yi mini tabarau ya fi a ƙirga, kowanne ya fi na baya kauri, har 'yan ajinmu suna cewa gindin kwalba nake ɗora wa hancina. Duk da haka rubutun allo bai taɓa fito mini fes ba, harafi ɗaya sai ya zama uku, kowanne da jelarsa. A haka na gama makaranta, na fara koyarwa, na yi aure. Maigidana ne ya gaji da jin ina gaishe da mutane da sunan da ba nasu ba, ya ɗauke ni zuwa wani asibitin ido na mishan a Kano. A can aka ce gaban idona ne ya yi tsini, tabarau ba zai gyara shi ba ko da na duniya za a tara mini. Abin da zai yi mini aiki shi ne kontak, wani ɗan gilashi da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Wadda ta koya mini sakawa wata Sista ce, irin matan cocin Katolika da suka haƙura da aure da ado suka ba da rayuwarsu ga ibada. Farar riga ce a jikinta har ƙasa, ta rufe gashinta, babu ɗankunne babu zobe. Da ta ga ina ta ƙifta ido ina ja da baya, sai ta wanke hannu, ta kai yatsa idonta ta ciro nata ta nuna mini. Ni kuwa bakina ba ya riƙe tambaya.

Na ce, "Sista, ashe ku ma an yarda ku saka wannan? Na ɗauka tabarau kawai kuke sawa."

Ta yi dariya, ta amsa da Hausarta mai ɗan gargada. Ta ce ai su ko allura ba sa saya sai da izinin babbarsu, don haka sai da ta tambaya. A ɗakin tiyata take aiki, in ta sa takunkumi numfashinta yakan rufe mata tabarau. Babbar tasu tambaya ɗaya ta yi mata: don ki yi kyau kike so, ko don ki gani? Ta ce don ta gani. Shi ke nan aka ba ta izini, ko da yake akwai wata tsohuwa a cikinsu da har yanzu take harararta.

Ranar na fara ganin fuskar mijina yadda Allah ya yi ta, bayan shekara biyu da aure. A mota na dinga kallonsa har ya ji kunya ya ce in bari mutane na ganinmu. Na ce masa ai bashin kallo nake biya.

Shi mutumin Toranke ne, a ƙasar Ajingi, can iyayensa da gonarsu suke. A gidansu kuwa kontak iri ɗaya aka sani, wato mai launi wanda masu kwalliya suke liƙa wa amare ranar biki, yarinya baƙa wuluk ta fito da ido irin na mage. Akwai ƙanwar mahaifinsa da kowa yake kira Goggo, mace mai son a yi komai daidai, kuma daidai ɗin ita kaɗai ta san inda yake. Ta taɓa samuna ina cire nawa a ɗaki, ta tsaya ta riƙe haɓa. Na yi mata bayani har da takardar asibiti. Ta ce, "Uhm, matan birni ke nan," ta fita. Gaya ce fa birnin.

Shekara shida bayan haka, da damina, maigidana ya tafi Toranke duba gona da sassafe. Ina cikin aji wansa ya kira ni a waya ya ce in taho yanzu, jikin ƙaninsa ya yi tsanani. Mutumin da ya fita lafiya ƙalau, kuma aka ce jikinsa ya yi tsanani, ai ba sai an ƙara mini bayani ba. A gona ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi bakin titi rai ya yi halinsa.

Tun daga Gaya nake kuka a cikin adaidaita. Wanda bai taɓa kuka da gilashi a cikin ido ba ba zai gane ba, ji kake kamar an zuba maka barkono. Ina shiga gidan na zauna a ɗakin mahaifiyarsa, na cire kontak ɗin na sa su a ɗan mazubinsu, na jefa a jaka, da niyyar in wanke fuska in mayar. Ban kai ga tashi ba Goggo ta iso kaina. Ta ce takaba ta hau kaina tun lokacin da ya cika. Ta cire mini ɗankunne da awarwaro da zobe, ta sa tsumma ta goge mini kwalli, ta ba ni wani tsohon zane da hijabi. Ban hana ta ba, na san haka ake yi, kuma ba ni da wani ado da nake so a ranar. Ta tattara komai ta zuba a jakata, ta rataya a kafaɗarta.

Can aka leƙo aka ce an gama shirya shi, iyalinsa su zo su yi masa addu'a kafin a fita da shi. Na miƙa hannu wajen da nake jin muryarta.

"Goggo, a ba ni jakata in saka idona."

"Ki saka me?"

"Kontak ɗina. Ba na gani sai da shi."

"'Yar nan, kina cikin hankalinki kuwa? Mijinki na kwance ko rami ba a kai shi ba, ki ce za ki saka abin amare? Kwalli ma an hana ki, balle wannan."

Na ce ba ado ba ne, magani ne, ko launi ba shi da shi. Wata daga gefe ta ce in na magani ne ai tabarau ake sawa, a aro mini na mai unguwa mana. Mahaifiyarsa tana kusurwa, ba ta ma san duniyar da take ciki ba. A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Na ce, "Goggo, wadda ta ba ni shi ma Sista ce, ko ɗankunne ba ta sawa saboda addininta, amma an bar ta ta saka wannan don ta gani."

Goggo ta ce, "Au, a coci kika samo fatawar taki? To mu nan ba coci ba ne. Sai an tambayi malam."

Malam kuwa yana waje cikin maza, an fara daidaita sahu. Wace mace ce za ta keta taron jana'iza ta ce a dakata, matar mamaci tana da tambaya a kan abin ido? Wansa ya zo bakin ƙofa ya ce don Allah a yi sauri, hadari ya haɗo, kada ruwa ya cika kabarin. Na ce masa, "Yaya, ka sa baki a ba ni jakata." Ya ce, "Ki yi haƙuri, wannan maganar mata ce," ya juya. Da na san abin da na sani yanzu, da na fizge jakar ko da za a shekara ana zagina a Toranke. Amma surukai ne, ga gawa a gida, kuma an raine ni a kan kada a ji muryata ta fi ta manya.

Goggo ce da kanta ta riƙe hannuna ta kai ni ɗakin. Na durƙusa. Aka ce an buɗe fuskarsa. Abin da na gani farin abu ne dogo, da wani duhu-duhu a samansa da ya rabu uku yana rawa. In na kai fuskata dab da abu nakan ɗan tsinci wani abu, don haka na sunkuya. Sai na ji hannu ya damƙi kafaɗata ya ja ni baya.

"Kada hawayenki ya ɗiga a kansa, za ki ƙara masa nauyi."

Daga inda ta tsayar da ni na yi masa addu'a, na ce na yafe masa, ni ma ya yafe mini. Aka rufe, aka ɗauka. Na ji ƙarar makara ta bugi ƙyauren ɗaki, wani ya ce a yi a hankali.

Kwana uku na yi a gidan ina lalube. Masu gaisuwa suna shigowa ina amsawa ban san ko su wane ne ba. Har na ji wata tana yaba ni, wai dubi yadda ta sunkuyar da kai ko mutane ba ta kallo, wannan ita ce takaba ta gaskiya. Ranar sadakar uku ƙanena ya zo daga Gaya, na roƙe shi ya je ya tambayi malamin. Bai yi minti biyar ba ya dawo. Ya ce malam ya ce wannan ai magani ne, babu ruwan takaba da shi, ta saka abinta, me ya sa ma ba a tambaye shi tun ranar ba?

Goggo ta ɗauko jakar daga bayan gadonta ta ajiye a cinyata. Ta ce, "To kin ji, ashe babu laifi. Gara da aka tambaya ai, yanzu hankalin kowa ya kwanta. Ki yafe ni in na ɓata miki." Na ce babu komai, Goggo. Me zan ce a gaban mutane?

Na wanke hannu na saka. Komai ya dawo fes: tabarmi, kwanukan gumba, ƙudaje a bakin ƙwarya, fuskar Goggo da ta yi fayau irin ta wanda ya sauke nauyi. Ban taɓa jin haushin gani ba sai ranar.

Ba na cewa muguwa ce. Ita a ganinta lahirar ɗan wanta take karewa, da tawa ma. Har yau in na je Toranke da yara nakan durƙusa in gaishe ta, ta sa mini albarka, ta ce ni surukar kirki ce mai jin magana. Amma zuciyata ba ta bi bakina ba, kuma na daina yi wa kaina ƙarya a kan haka.

Na tambayi duk wanda ya shiga ɗakin nan yadda fuskarsa take. Na tambayi wansa, na tambayi wanda ya yi masa wanka, har Goggon na tambaya. Kowa amsa ɗaya yake ba ni, wai kamar mai barci, wai har da murmushi. Haka ake faɗa a kan kowane mamaci. Ni da na zauna da shi shekara takwas, ni ce zan san ko murmushin nasa ne ko ba nasa ba, kuma ni kaɗai ce a ɗakin ban gan shi ba.