Ranar da Na Ce wa Bakano Ya Hau

Shekarun da na yi ina hawa dogayen ƙarafunan anten na waya a Yamai, abokin igiyata wani Bakano ne. Mu gidanmu Damagarawa ne. Kakana ya zo Yamai fataucin fata ya zauna, ni kuma a unguwar Dar es Salam ta nan Yamai aka yanke mini cibiya. To, duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Kano da Damagaram ya san ba ma buƙatar mai gabatarwa. Ranar da shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya kawo shi ya ce ga wanda za mu riƙa hawa tare, na dube shi sama da ƙasa na ce, "Shef, bawa ka sawo mini?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Oga, wannan ne zan riƙa riƙe wa igiya? Ai sai a ƙara mini albashi, ya ci tuwo da yawa."

Da tuƙi ya shigo Nijar, yana jan motar wani ɗan kasuwa, amma hawa ya koya tun a can ƙasarsu, a hannun wani malami da ke koyarwa da Ingilishi. Ni kuwa da Faransanci aka koya mini. Sai ga mu Hausawa biyu, hira ba ta yanke mana, amma da an zo kan kayan aiki sai mu koma kallon juna. Ɗamarar nan da ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu, wadda duk nauyin mutum ke kanta, ni bodiriye na san ta, shi hanes. Ƙugiyar ƙarfe mai ƴar ƙofa da ake maƙala igiya, ni musketon, shi karabina. Gajeriyar igiya mai kai biyu da mutum ke kama ƙarfe da ita yana hawa, ni lonj, shi lanyad. Hular kwano ce kaɗai ba mu yi faɗa a kanta ba, don ita Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna.

Babu wanda ya yarda ya saki nasa. Shi yana cewa Faransanci yaren masu mura ne, ta hanci ake yin sa. Ni ina cewa karabina sunan akuya ne, ba na abin da zan rataya raina a kai ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, ba na ƙarfe kaɗai ba, har na zuciya, shi kuma ya gane haka tun makon farko, ya mai da ni abin nishaɗinsa.

A aikinmu akwai ƙa'ida ɗaya da ko shef bai isa ya taɓa ba. Kafin ƙafarka ta bar ƙasa, za ka tsaya gaban abokin igiyarka ka buɗe hannuwa, shi kuma ya bi kayanka ɗaya bayan ɗaya, ya dafa, ya ja, ya ambaci sunan abin da ƙarfi. In ya gama sai ya ce, "Hau." In kuwa ya ce, "Kada ka hau," an gama magana, ko da garin duka na jiran rezo, wato sabis ɗin waya. Sai dai shi ma mai duban da tasa igiyar a wuya. Ba ya hana mutum don ya yi mummunan mafarki, ko don gabansa na faɗuwa, ko don an yi faɗa jiya. Sai abin da hannunsa ya taɓa ko idonsa ya gani.

Mu namu duban baki biyu ne. In na dafa na ce, "Bodiriye," sai ya amsa, "Hanes, malam, hanes." In shi ke duba ni ya ce, "Karabina," in ce, "Musketon, ɗan ƙauye." Sauran ma'aikata har tsayawa suke su saurara. Sau ɗaya na taɓa hana shi, don na ga ɗinkin ɗamararsa ya fara sakin zare ta ciki. Ya wuni zaune ƙarƙashin itacen bedi yana zagin Damagaram tun daga kan sarakunanta har zuwa kan barkononta, amma bai hau ba.

Wata Juma'a bayan masallaci muka ratsa ta Babbar Kasuwa, wajen masu gwanjo, yana neman rigar sanyi. Wani ɗan garin Tawa da ke fasa dilar kayan Turai ya baza tarkace a tabarma. A ciki akwai wata ƴar diga mai lanƙwasasshen baki, da wasu ƙarafa biyu masu haƙora kamar na kada. Mai kayan ya ce digar ta masu lambu ce, ƙarafan kuma tarkon gafiya ne. Sai na ga Bakano ya durƙusa a hankali, ya ɗauki tarkon da hannu biyu. Ya ce mini ba tarko ba ne, a ƙarƙashin takalmi ake ɗaura shi a taka ƙanƙara. Digar kuma da ita ake sarar bangon ƙanƙara a ja jiki sama. Malaminsa ya taɓa nuna musu a waya, mutane na hawa ruwan da ya daskare a jikin dutse yana cikin zubowa. Ya ce sunan digar ais aks. Ni ban san nata na Faransanci ba, abin ya tsaya mini a rai, sai da na je na tambayo wani tsohon malaminmu na dawo masa da piyole. Haƙoran kuwa ashe duka yarukan biyu kirampon suke cewa, ya ce to ga abu ɗaya da Turawa suka yi dace a kai.

Mu ba ma rataya rai a kan kayan gwanjo, abin da ba ka san tarihinsa ba ba ka hawa da shi. Na tuna masa. Ya ce ai ba hawa zai yi ba, ina dutsen ƙanƙarar yake a Yamai? Ya saya ya kai ɗakinsa na haya a unguwar Bobiel, ya rataye a ƙusa.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi, irin wanda ƙarfe ke ƙona hannu ta cikin safar hannu. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce in zo da moto, wato babur. Muka je wajen masu sayar da ƙanƙara ya sayi dunƙule guda, babba, na masu sanyaya lemo. Na ɗauka sadaka zai yi. Muna isa gida ya kwantar da ita a tsakar gida kan buhu, ya sa takalmin aiki, ya ɗaura kirampon, ya hau ya tsaya. Haƙoran suka nutse da wata ƙara, ƙaras. Ya ɗaga ƙafa ya sake takawa. Ya sunkuya ya sara piyolen a gefe, ɓarɓashi ya fantsamo mini a fuska.

Mai gidan, wata Hajiya Bazabarma, ta fito da ludayi a hannu. Ta ce, "Kai ɗan nan, lahiyarka? Mutane na neman ta shan ruwa, kai kana taka ta da takalmi? Walle Hausawa ba ku da hankali!"

Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, ƙasan naki ne, saman kawai nake so."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma da na ɗaga kai na dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Idonsa a rufe yake, ruwa na malala ta ƙarƙashin ƙafafunsa yana bin rairayi, shi kuwa ba ya Bobiel sam. In ka ga kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Tun ranar na san wata rana zan rasa shi, kuma na tsani ƙarafan nan.

Ba a daɗe sosai ba malamin nasa ya aiko. Ya koma wata ƙasa mai sanyi, yana aiki da masu wanke gilasan dogayen gidaje da igiya, suna neman hannu. Tafiyar ba ta hamada ba ce, da takardu ce, ta jirgi. Kuma akwai duwatsu kusa da garin. Bakano ya gaya mini da safe a gindin wani anten, bayan mun sha shayi, kafin mu sa kaya. Da ya gama sai ya miƙe ya tsaya gabana, ya buɗe hannuwa, ba ɗamara ba hula.

Ya ce, "Badamagare, duba ni."

Na ce, "In duba mi? Ba ka sa komi ba."

Ya ce, "Tafiyar nan. Kai ne abokin igiyata. In ka ce kada in hau, wallahi na fasa, kuma ba zan tambaye ka dalili ba."

Na san ba wasa yake ba. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta ajiye shi a Yamai. Na ce ya ba ni ƴan kwanaki.

Ban taɓa duba kaya yadda na duba tafiyar nan ba. Na kai takardunsa wa wani ɗan uwana ma'aikacin gwamnati, ina fatan ya ce na jabu ne, ya ce sahihai ne. Na sa ya kira mini mahaifiyarsa a Kano, ina jiran in ji kuka, tsohuwa ta ce ta sa albarka tuni, Allah ya tsare. Na binciki malamin nan ta bakin mutanen da suka yi aiki da shi, ba wanda ya ce ya taɓa cin haƙƙinsa. Bakano ba mata, ba ɗa, jikinsa kuma garau. Na bi abin nan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ban samu ko ɗaya ba, sai haushi ya kama ni, na riƙa yi wa mutanen gidana faɗa a kan banza.

Matata ta gaji ta ce, "Malam, in ba ka so shi tahi, ka ce mishi kada shi tahi mana. Ba bakinka ba ne?"

Na ce, "Ba haka ake yi ba. Sai na ga aibi."

Ta ce, "Ku dai da igiyoyinku," ta ci gaba da tankaɗe.

Aibin da na samu ɗaya ne, ba na so ya tafi. Wannan kuwa a jikina yake, ba a kayansa ba. Na yi shekaru ina alfahari cewa ban taɓa hana mutum hawa don son raina ba, ban ga yadda zan fara a kan wanda na fi ƙauna ba. Na same shi a ƙofar gidan Hajiya yana wanke moto. Na ce, "Na duba. Hau."

Ya tsaya da soso a hannu, ya dube ni. Ya ce, "To." Can ya ƙara da cewa, "Ka huta da ni ke nan." Na ce dama na gaji da ciyar da bawa. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Bayan tafiyarsa aka haɗa ni da wani Bazabarme, mutumin kirki, mai natsuwa, bai taɓa sakaci da igiyata ba. Yana cewa bodiriye, ina cewa bodiriye. Yana cewa musketon, ina gyaɗa kai. Duba ya koma abin minti kaɗan, ba musu ba zagi, ni kuwa kullum sai na bar ɗan fili bayan kowane suna, kunnena na jiran a ƙaryata ni. Gaskiyar masu magana, sabo ake wa kuka. Na yi kewarsa ƙwarai, kewar da ban iya gaya wa kowa ba, don namiji ba ya zama a majalisa ya ce yana kewar Bakano. In na kai ƙololuwar anten na ga Yamai shimfiɗe, kogi na ƙyalli, Bobiel na ta cin daji da sababbin gine-gine, sai in juya in yi magana, in tarar da wanda ba zai gane wasan ba.

Gwiwa ta sauke ni daga hawa. Yanzu ina da ƴar rumfa a Babbar Kasuwa, ina sayar da wayoyin lantarki da ƙwayayen fitila. Shi ya yi aure a can, ya haifi ƴaƴa da ba su jin Hausa sai "sannu". Ya taɓa turo mini hoto, ya maƙale a jikin wani farin bango, piyole a kowane hannu, fuska a naɗe, da ƙyar na gane shi. Na nuna wa duk maƙwabtan rumfata, ina cewa ga bawana inda na aike shi. Da farko muna magana kowane mako, daga baya ta koma daga salla sai salla.

Sallar layyar da ta wuce ya kira ni da hantsi, washegarin yanka, na leƙo rumfa ke nan. Muka yi barka da salla, na tambaye shi ko Kanawan can sun samu ko kaza. Sannan na ce, "To, yaya ƙanƙarar taka?"

Ya ce, "Sanyi ne kawai, Badamagare. Ta Bobiel ta fi daɗi."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Bari in gaya maka wani abu, tunda mun fara furfura. Ranar nan da na ce ka duba ni, so nake ka ce kada in tafi. Duk kwanakin da ka yi kana bincike, addu'a nake ka samo wani abu. Wallahi ko ƙarya ka yi mini da na karɓa da hannu biyu."

Na jawo benci na zauna. Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Da wane baki? Bayan na cika maka kunne da ƙanƙara, har na taka ta a gaban Hajiya? Shi ya sa na kawo maka. Na ɗauka kai za ka iya."

Na buɗe baki in zage shi, in zagi Kano da ganuwarta. Sai na ji wata ƙaramar murya na kiransa da yaren da ban sani ba. Ya ce ƴarsa ce, ya yi mata alkawarin fita, tana tsaye da takalmi a hannu. Ya ce sai wata sallar in da rai. Na ce ya gaida gida, ya ce gida zai ji, kuma gidan da muke nufi, ni da shi duka, na can ƙasar sanyin ne.