Ranar da Muka Yi Dashe a Gonar Aro

Ko da zan manta ranar da na fara sa rigar lauya, ba na jin zan manta da ranar da ƙungiyarmu ta lauyoyin kare muhalli ta je yi wa talakawa hidima a wani ƙauye kusa da Diggi, can ƙasar Kalgo. Shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙungiyar tamu ba ta wasa da ayyukanta na shekara. Da farko taron ƙara wa juna sani a otal mai sanyi, inda ake kukan kwararowar hamada ana cin kaji. Sai liyafar karrama juna. Daga nan, idan damina ta kankama, a fita dashen itatuwa don jama'a su san muna ƙaunarsu. A shekarar nan ni ne sabon shiga, kuma da yake ni ɗan Gwandu ne, aka ɗora mini nuna hanya da yin tafinta ga wasu manya da Hausarsu ta tsaya a "sannu da aiki". Wayyo, yadda na dinga hura hanci!

Muka isa da hantsi, motoci a jere, kowa cikin baƙar kwat da takalmi mai ƙyalli. Mai gari ya nuna mana wani fili bayan makaranta. Shugabanmu ya dubi wurin, ya yatsine fuska, ya ce ba zai yi kyau a hoto ba. Idonsa ya faɗa kan wata gona a bakin hanya, gero ya yi kore shar, wani dattijo na ciki yana noman maimai. Shi ke nan, aka sauke dashen mangwaro a can.

Dattijon ya ajiye fartanya ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri. Gonar ga ba tawa ba ce, aro aka ba ni tun ina da ƙarfina."

Shugaba ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Baba, kyauta ce fa! Jikokinka za su sha mangwaro su yi mana addu'a."

Dattijon ya juyo ya dube ni, ni da ya ji harshena irin nasa ne. Wallahi na san abin da yake nufi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mai aron gona yana shuka abin da zai girbe ne kawai, ba ya dasa itace, don dasa itace daidai yake da cewa gonar ta zama taka. Amma ina tsaye kusa da manya, ana ta cewa yaron nan yana da hazaƙa, sai na ja bakina na yi gum. Har ni na miƙa masa dashen ya riƙe, aka ce ya yi murmushi, aka ɗauki hoto.

Masana dokar ƙasa wajen talatin, masu iya kawo maka sashe da ƙaramin sashe ba tare da duba littafi ba, babu ko ɗaya da ya tambayi wane ne mai gonar. Muka tafa wa kanmu, muka wanke hannu da ruwan gora, muka koma cin shinkafa.

Ashe ƙurar motocinmu ba ta kwanta ba dattijon ya bi ya tuge dashen duka. Amma ina! Hoton ya riga ya zaga wayoyi, da rubutu a ƙasa cewa an dasa wa manomi itatuwa a gonarsa. Magadan mai gonar suna birni, suka gani, suka ce ashe tsohon nan lauyoyi ya ɗebo don ya cinye musu gado. Suka aiko cewa yana cire geronsa ya bar musu gonarsu.

Da labari ya iske ni a Gwandu na kira shugaba. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce wannan rikicin fili ne, ba batun muhalli ba, in rubuto wa kwamitin hidimar jama'a takarda, za su duba a zamansu na gaba. Madalla da wannan hidima!

Na hau mashin ni kaɗai na je zaman sulhun da aka yi a zauren mai gari. Na yi bayani, na rantse, na ce laifinmu ne, dattijo bai gayyace mu ba. Babban magajin ya ce ya ji, amma hankalinsu ya riga ya tashi, gara su riƙe abinsu. Doka tana gefensu, ni ma na sani.

Da muka fito dattijon bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Ɗana, su baƙi ne, ba su sani ba. Kai hwa, ba ka sani ba?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Na hau mashin na koma Gwandu. Bayan kaka dattijon ya kwashe geronsa, ya koma ƙwadago a gonakin mutane da furfurarsa. A rahoton ƙarshen shekara kuwa an rubuta cewa dashen ya yi gagarumar nasara.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa mutum alheri ka tsaya ka ji ko yana so, domin shi zai zauna da abin bayan ka tafi. Kuma jahilcin baƙi bai kai shirun ɗan gida ɓarna ba. Su sun yi kuskure ne, ni kuwa da sanina na bari aka raba tsoho da abincinsa.