Makullin Firij Ya Tafi Konni

Ina tsaye a ƙaramin asibitin mazaɓarmu, bayan Illela. Maciji ya sari jikata Hadiza a gona. Maganin yana firij, firij kuma a kulle.

Na tambayi nas, "Malama, ina makulli?"

"Baba, tun da aka miƙa asibitin ga mazaɓa, surukin kansila ke riƙe shi. Ya tafi Konni."

"To wa ke duba aikinsa?"

"Mi? Ai shi ke duba mu."

Da dutse na fasa kwaɗon. Hadiza ta samu allura.

Zamanin Daular Usmaniyya, in an ba sarki tuta, Waziri na biye da shi yana bincike. Mu tutar kawai aka ba mu.

Gobe jikar wa? Naku asibitin, makullin yana aljihun wa?